Sayen tsohon gida mai neman gyara: ina kuɗin zai fito?

Duk wanda ya taɓa bin dillali duba gida a Kano ya san maganar nan da suke yi idan sun kai ka tsohon gida, "Alhaji ai fili ka saya, ginin kyauta aka baka." Wani lokacin gaskiya suke faɗa. Gida a Fagge ko Gwammaja ko cikin gari, kusa da kasuwa, kusa da asibiti, ga wuta ga makarantar yara, ba zaka haɗa shi da fegi a bayan gari inda sai ka hau adaidaita biyu kafin ka iso titi ba. Shi yasa mutane da yawa yanzu hankalinsu ya koma kan irin waɗannan gidajen, tunda sabon gini ya fi ƙarfin mai albashi. Amma fa ginin nan da aka ce kyauta ne shine yake cinye mutum daga baya, kuma abin da nake so mu warware kenan, yadda ake haɗa kuɗin sayen irin wannan gida da kuɗin tada shi, domin abu biyu ne daban kuma ba daga aljihu ɗaya suke fitowa ba.

Na raka wani ɗan'uwana duba irin wannan gida ana tsakiyar damina. Daga waje lafiya lau, an ma shafa masa sabon fenti. Muna shiga soro na ga ƙasan bango ya kumbura kamar gwiwa ɗaya daga ƙasa, na sa yatsa na danna sai fulasta ta zubo kamar garin tuwo, gishiri ya gama cinye ta. A ɗakin tsakiya silin ya yi ciki, da maginin da muka zo da shi ya ɗaga guda ɗaya ya haska da fitilar waya sai ga katakon rufin gara ta mayar da shi kamar soso. Sokawe ta cika, wayarin irin na da ne wanda roba ta bushe tana karyewa. Ɗan'uwan nan nawa kuɗin da ke hannunsa daidai kuɗin gidan ne, ko sisi babu a kai, kuma lissafinsa shine in ya saya sai ya je banki ya ajiye takardar gidan su ba shi na gyara. Anan ne fa yawancin mutane suke faɗawa rami.

Banki ba ya ba da kuɗi akan gidan da kake hangowa a zuciyarka bayan an gyara, yana bayarwa ne akan gidan da yake tsaye yau. Zasu turo mai ƙiyasta darajar kadara, ya zo ya duba ya rubuta farashi biyu, abin da gidan zai yi a kasuwa in an sayar a natse, da abin da zai yi in an sayar da shi a gaggauce saboda ka kasa biya. Na biyun nan shi suka fi kallo kuma kullum yana ƙasa da na farko. To gidan da rufinsa ke zuba, bangonsa ya tsage, wa zai saye shi da gaggawa in ba a karye ba? Sai ka ga gidan da ka biya miliyan 25 an rubuta masa abin da bai kai ba, sannan a ce wani kaso na wannan ɗin za a iya baka. A Amurka akwai wani tsari na gwamnati da suke kira FHA 203(k) wanda ake haɗa kuɗin saye da na gyara a bashi ɗaya, ana lissafi da darajar da gidan zai yi bayan an gama aiki, a ajiye kuɗin gyaran gefe ana sakar wa ɗan kwangila kashi-kashi yadda aiki ke tafiya. Mu anan abin da aka saba shine a raba su, na saye daban na gyara daban, kuma na gyaran shi ne mai wahalar samu.

Kafin ma a kai ga maganar daraja akwai takarda. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, kai haƙƙin zama da amfani kake da shi, kuma in zaka sayar ko ka jinginar da fili mai C of O, wato satifiket ɗin mallaka da gwamnati ke bayarwa, sai da amincewar gwamna. Banki kuwa jingina yake nema. Yanzu ka duba tsofaffin gidajenmu, nawa ne a cikinsu suke da C of O? Mafi yawa abin da za a miƙo maka takardar ciniki ce da aka rubuta da hannu, mai unguwa ya sa hannu da shaidu biyu ko uku, wasu shaidun ma sun rasu tuni. A unguwa wannan takarda tana da mutunci, kowa ya san gidan wane ne. A banki ba ta aiki. Don haka in har da bashi kake tunanin saye, tambayarka ta farko ga dillali ba "nawa ne" bace, "wace takarda gare shi" ce, kuma in an ce akwai satifiket kar ka tsaya a ganin kwafi, ka ɗauki lauya ya je ya bincika a hukumar rajistar filaye, a Kano KANGIS, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS, a tabbatar sunan wa ke kai, ko an taɓa jinginar da shi, ko akwai bashin harajin ƙasa da ya taru shekara da shekaru wanda kai zai dawo wa.

Sai maganar gado, wadda ni a ganina ta fi komai hatsari. Gidan da ya lalace haka yawanci ba don masu shi basu son shi bane, mai gidan ne ya rasu, magada goma sha suka kasa haɗa kai, kowa na jiran wani ya gyara, damina tana zuwa tana wucewa. Ƙarshe sai a ce a sayar a raba. In babban wa ne kaɗai ya zo da dillali yana cewa "ni ne wakilin gida" kar ka yarda da baki. A nuna maka takardar rabon gado daga kotu, ko kuma kowane magaji ya sa hannu, mata da maza, har wadda take aure a wani gari, in akwai marayu ƙanana a san waliyyinsu da izinin alƙali. Kuma a fiƙihun Malikiyya da muke bi akwai shufu'a, wato in ka sayi kason mutum ɗaya a gidan da ba a raba ba, abokan tarayyarsa suna da haƙƙin su biya ka kuɗinka su karɓe. Ka yi tunanin ka ci bashi ka zuba rufi sabo sannan wannan magana ta taso. Wallahi na ga inda aka yi shekaru ana zaryar kotu akan irin haka, gidan na kulle, mai saye kuma yana can yana biyan haya.

To mu ce takarda ta yi kyau. Ina kuɗin?

Hanya mafi sauƙin ruwa ga ma'aikaci ita ce Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, wanda aka kafa a 1992 kuma bankin bada lamunin gidaje na tarayya FMBN ke riƙe da shi. Ma'aikatan gwamnati da yawa ana cire musu kashi 2.5 cikin 100 na albashi duk wata zuwa wannan asusu, wasu ma basu taɓa lura da shi a takardar albashinsu ba, kuma ɗan kasuwa ma zai iya rajista ya riƙa zubawa da kansa. In ka yi wata 6 kana zubi ka cancanci nema. Ruwansa kashi 6 ne a shekara, biya har zuwa shekara 30 gwargwadon shekarun da suka rage maka na aiki, kuma iyakar da ta daɗe a naira miliyan 15 an ɗaga ta zuwa miliyan 50. Amma ba kai tsaye ake zuwa a karɓa ba, sai ta hannun ɗaya daga cikin bankunan lamunin gidaje masu lasisi, su zasu tattara takardunka, shaidar albashi, shaidar biyan haraji, rahoton darajar gida, takardar mallaka, su tura. Kuma abin da za a riƙa cire maka a wata bai kamata ya wuce kashi ɗaya bisa uku na abin da kake samu ba. Bari mu yi lissafi a ga yadda yake a ƙasa. In ka karɓi miliyan 20 a kashi 6 na shekara 20, duk wata zaka biya wajen naira 143,000, kenan sai albashinka ya kai wajen 430,000 kafin a baka. Malamin firamare ko ƙaramin ma'aikaci a sakatariya ya duba wannan lamba ya san inda ya tsaya. Ga kuma jira, abin yana ɗaukar watanni, magadan da suka ƙagu a raba musu kuɗi kuwa ba zasu jira ka ba in wani ya zo da tsaba a hannu.

FMBN ɗin suna da wani bashi daban na gyaran gida, wanda shekaru da dama iyakarsa ta kasance naira miliyan 1. A da miliyan ɗaya tana sauya rufin ƙaramin gida. Yanzu kuwa kowa ya san abin da ya faru da kayan gini tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 aka kuma saki naira, buhun simintin da bai kai 5,000 ba a farkon 2023 ya haura 10,000 a Fabrairun 2024, kwano da rodi da katako duk suka bi shi. Don haka irin wannan bashi taimako ne na toshe wata kafa, ba shi zai tada gidan da ya durƙushe ba.

Akwai wata ƙofa da mutane da yawa basu sani ba. Tun 2022 hukumar fansho PenCom ta fitar da ƙa'idar da ta ba mai asusun fansho damar amfani da har kashi 25 na abin da ya tara a matsayin kason da zai fara ajiyewa wajen karɓar lamunin gida, in ya yi wata 60 ana zuba masa. Kuɗin ba hannunka zai shigo ba, wajen mai bada lamunin zai tafi, kuma ba na sayen siminti bane. Amma amfaninsa anan shine, in fansho ya ɗauke maka kason farko, tsabar da ka tara da hannunka sai ta tsira ta zama kuɗin gyara. Sai dai mutum ya tuna guzurin tsufansa ne yake taɓawa.

Bankunan kasuwanci na yau da kullum kuwa ni dai ba zan ba kowa shawarar ya tunkare su da wannan ba. Lokacin da Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, bashin da mutum zai samu a banki yana kai wa kusan kashi 30. Ɗauki miliyan 20 ɗin nan a kashi 28, ruwa kaɗai miliyan 5.6 ne a shekara, kusan 467,000 duk wata, uwar kuɗin ko taɓa ta ba a yi ba. Gidan zama ba shago bane, ba ya kawo riba da zata biya wannan. Balle masu bashin manhajar waya, waɗannan ko kusa kar a je.

Na san da yawa daga masu karatu tun da na ambaci kashi 6 zuciyarsu ta ce ai riba ce ko kaɗan ce ko mai yawa, kuma wannan magana ce mai nauyi da ba za a wuce ta da gudu ba, mutum ya zauna da malamin da ya amince da shi. Ga wanda ya tsaya a nan, akwai bankunan da basa mu'amala da ruwa, Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Su ba kuɗi suke miƙa maka ba, ciniki suke shiga. A murabaha banki ne zai sayi gidan ya sayar maka da riba sananniya ka biya a hankali, kuma farashin da aka yanke ba ya ƙaruwa. A ijara mai ƙarewa da mallaka gidan na banki ne kana biyan haya har ya zama naka. A musharaka mai raguwa ku biyu ne da gidan, kana sayen kason banki kaɗan-kaɗan kana biyan hayar abin da ya rage nasa. To anan tsohon gida yake da wata matsala tasa ta musamman, domin a ƙa'idar ijara haya akan amfani ake biyanta, gidan da ba ya zaunuwa wane amfani za a karɓi haya a kai? Kuma babban gyara irin na rufi da bango a wuyan mai gida yake ba ɗan haya ba, wato a wuyan banki. Kaga dalilin da zai sa su ja baya da gidan da ke neman faɗuwa. Ta ɓangaren gyara abin da ya fi sauƙin tsarawa shine murabahar kayan gini, su sayi kwano da siminti da rodi su sayar maka ka biya a hankali, ko istisna'i inda ake ƙulla aikin gaba ɗaya da farashinsa da lokacinsa. Kuma kar wani ya ɗauka don babu ruwa abin araha ne, ribar da suke ɗorawa tana tafiya da yanayin kasuwa, suma kuma zasu tambayi takardar mallaka da shaidar samu. Ka ce a rubuta maka jimillar abin da zaka biya daga farko har ƙarshe da naira, ba da kashi-kashi ba, sannan ka auna.

Gaskiyar magana yawancin gidajen da na ga an saya an gyara a unguwanninmu ba da banki aka yi ba. Adashi ne, da ƙungiyar gama kai ta wurin aiki wadda take ba mamba ninkin abin da ya tara a cire a albashi, da sayar da fegi ko mota ko shanu, da rancen ɗan'uwa, wani lokaci ma gwal ɗin uwargida. Akan wannan na ƙarshen ina da magana. In mace ta sayar da sarƙarta ko ta kawo kuɗin gadonta aka zuba a gida, a rubuta, ko rance ne ko kaso ne take da shi a gidan, da shaidu. Ba rashin yarda bane, aya mafi tsawo a Alƙur'ani a Suratul Baƙara akan rubuta bashi ta sauka. Mutuwa tana zuwa, in ba a rubuta ba gidan gaba ɗaya zai shiga gado a raba da ita a ba ta tumuni, kuɗinta ya bi ruwa, kuma mun sha ganin haka.

Akwai kuma hanyar da ake mantawa da ita, shi kansa mai sayarwa. Tsohon gida ba kowa ke rububinsa ba, saboda haka kana da bakin magana. Zaka iya neman a karɓi kaso mafi yawa yanzu, ragowar bayan wata shida ko shekara, a rubuce wajen lauya. In mutum ɗaya ne mai gidan sau da yawa yana yarda. Ragowar nan da ka riƙe ita zata rufa maka gidan kafin ruwa ya sauka.

Duk wannan ba zai yi amfani ba in baka san nawa gyaran zai ci ba, kuma ba dillali ne zai faɗa maka ba, shi la'adarsa yake jira, ba kuma maginin da yake fatan a ba shi aikin ba, shi zai faɗi kaɗan ne don ka shiga, in an fasa bango sai ya ce "Alhaji abin ya fi yadda muka zata." Ka biya injiniyan gini kuɗin ƙafarsa ya duba fandisho da tsagar bango, ya gaya maka wacce ce ta fulasta kawai wacce ce ta nuna ƙasa na zaunawa, in dekin ne ya duba ko rodin ya yi tsatsa ya fara tura kankare. Sannan mai ƙididdigar kayan gini ya rubuta maka komai dalla-dalla, kwano bandir nawa, siminti buhu nawa, yashi tifa nawa, kuɗin aiki nawa. Abin da ya fito ka ƙara masa aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu, don tsohon gida sai an buɗe shi ake sanin cikinsa, farashi kuma ba ya jiran kowa. Wannan takarda ita ce makaminka wajen ciniki ma, ka ajiye ta gaban masu gida ka ce ga abin da zan kashe, a rage min. In ka fi so ka ga gaskiyar gida ka je a watan Agusta bayan an kwana ana ruwa, ka duba inda ruwa ke kwanciya a tsakar gida da ko titi ya fi gidan tudu, domin unguwanni da yawa an yi ta ciko ana ɗaga hanya har tsofaffin gidaje sun koma rami, irin wannan ba gyara yake so ba sai an ɗaga daɓen gaba ɗaya. Idan injiniya ya ce rushewa za a yi a sake, to ka koma ka yi ciniki a matsayin fili, har ma ka cire kuɗin rushewa da kwashe ƙasa, kuma ka sa a ranka sai ka nemi izinin gini daga hukumar tsara birane, a Kano wajen KNUPDA, a Kaduna KASUPDA, musamman in zaka sauya fasali ko ka hau sama.

Sai ƙananan kuɗaɗen da basa shiga lissafin kowa amma in sun taru sai su kai kuɗin ɗaki guda, la'adar dillalai, kuɗin lauya, kuɗin neman amincewar gwamna da hatimi da rajista, tsohon bashin wuta da ke kan mitar gidan, ga kuma hayar da zaka cigaba da biya inda kake zaune har a gama aiki. Wannan ta ƙarshen tana da ciwo, wata shida ko shekara kana biyan bashin gida, kana biyan haya, kana biyan leburori, duk daga albashi ɗaya.

Shi yasa ni abin da nake gani ya fi, kuɗi mai dogon zango irin na NHF ko na bankin Musulunci ya tafi wajen saye, tsabar hannu da adashi da na gama kai su tsaya wa gyara, kuma in kuɗinka gaba ɗaya miliyan 30 ne to ba gidan miliyan 30 kake nema ba, na miliyan 20 ko ƙasa da haka kake nema. Gyaran kuma a bi shi da tsari, rufi da duk abin da ya shafi tsayuwar gini da farko, sai magudanar ruwa da banɗaki da sokawe, sai wayarin don kar a kwana da fargabar gobara, sai a gyara ɗaki biyu da kicin a tare a huta da haya. Tayil da silin na ado da fentin waje su jira, ko shekara biyu suka yi babu abin da zai same su. Kayan da basa lalacewa kamar kwano da rodi in kuɗi ya shigo a saya a ajiye, siminti kuwa kar a tara shi, danshi na taɓa shi ya daskare. Magini kuma a biya shi gwargwadon aikin da ya gama, ba a damƙa masa kuɗin aiki duka a ranar farko ba.

Ɗan'uwan nan nawa bai sayi wancan gidan ba. Da aka kawo ƙididdiga gyaran ya haura rabin kuɗin gidan, masu shi kuma suka ƙi ragi. Bayan wata biyar ya samu wani ƙarami a layin baya, ɗaki uku, shi ma rufinsa ya mutu amma bangonsa lafiya, mai shi mutum ɗaya ne kuma ya yarda a biya shi sau biyu. Ya sauya rufin a watan Afrilu kafin ruwan farko, suka tare a ɗaki biyu, na ukun har yanzu buhunan yashi da tsofaffin ƙyamare ne a ciki yana jiran kwasar adashinsa ta gaba.